Yadda ake tantance lalurar ƙwaƙwalwa da auna rayuwar mutum in an ɗauke ka aikin bincike

Salamu alaikum jama'a. Wanga rubutu na yi shi ne don ƙannenmu da ake ɗauka aikin tattara bayanai, 'yan nas da ma'aikatan lafiya na unguwa da ɗaliban likitanci na Jami'ar Danfodiyo da ke Sakkwato masu shirin rubuta furojet, saboda kusan duk sati sai wani ya turo mani saƙo a WhatsApp wai "Yaya an ba ni fom na ciwon damuwa, ya ake cika shi?" Cika fom ai ko ɗan firamare zai iya, inda gizo ke saƙar shi ne abin da ka rubuta ya zama gaskiyar halin da mutumin ke ciki, don na sha ganin fom ya cika tsaf babu kuskure ko ɗaya amma mutumin da ke cikin takardar daban, wanda ya zauna kan benci gabanka daban.

Kafin komai ka san abu biyu ake nema kuma kowane da ma'auninsa. Na farko wace lalura ce ke damun mutum, na biyu mi lalurar ta hana shi yi a rayuwarsa ta yau da gobe. Mutum biyu za su iya samun suna ɗaya a fayil, a ce duka ciwon damuwa ne, amma ɗaya kullum yana buɗe shagonsa a Tsohuwar Kasuwa yana ciniki ko da ransa babu daɗi, ɗayan ko ya kwashe wata biyu bai taka ƙofar gida ba, wanka ma sai an yi da gaske. In bincikenka ya tsaya ga suna kawai to ka haɗa su wuri ɗaya alhali ba su yi kama ba.

Takardun izini dai ba sai na daɗe kansu ba, ba a fara tambayar kowa sai kwamitin ɗa'ar bincike ya sa hannu, na asibitin koyarwa ne ko na ma'aikatar lafiya ta jiha, ya danganta da inda za ka yi aikin. Ka riƙa yawo da kwafin takardar a jaka. In ƙauye za ka shiga ka fara da hakimi ko mai gari da liman, kowa ya san wannan. Abin da mutane ke mantawa shi ne izinin mai gida ba ya zama izinin matarsa, za ka nemi nasa don mutunci da zaman lafiya amma ita ma sai an karanta mata da Hausa ta ce ta yarda, in ba ta rubutu ta dangwala yatsa gaban shaida wanda ba ɗan tawagarku ba. Kuma ka faɗa mata ƙarara cewa in ta ƙi ba abin da zai taɓa maganinta. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da anka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ƙara jaddada haƙƙin mara lafiya a kan irin wannan, don haka ba alfarma kake yi masa ba.

Yanzu maganar fom. Akwai na tacewa, akwai na yanke hukunci, kuma rikita su ne babban kuskuren da nake gani a furojet ɗin yara. PHQ-9 fom ne na tace ciwon damuwa, tambaya tara ce kan sati biyu da sunka wuce, kowace tambaya maki 0 zuwa 3, jimla 27, galibi ana ɗaukar 10 zuwa sama a matsayin alamar a duba mutum da kyau. GAD-7 na fargaba ne, tambaya bakwai, jimla 21. SRQ-20 na Hukumar Lafiya ta Duniya, mai duba alamun damuwa da fargaba gaba ɗaya, tambaya 20 ne na e ko a'a kan kwana 30, yana da sauƙi ga mutanenmu na karkara. EPDS kuma na ciwon damuwar masu jego ne, tambaya 10 kan kwana bakwai. Duk waɗannan rariya ce, aikinsu su ware maka wanda ya kamata a zauna da shi, shi ke nan. Wanda ya ci 14 a PHQ-9 ba ka da hurumin rubuta "yana da ciwon damuwa", abin da za ka rubuta shi ne yana da alamu. Mai ƙarancin jini ko mai jinyar taifot ma zai iya cin wannan maki saboda kasala da rashin cin abinci da rashin barci duk suna cikin tambayoyin.

Yanke hukunci sai da doguwar tattaunawa mai tsari. Cikin irin waɗannan tattaunawa, wadda ake kira MINI ita ce mafi gajarta, kamar minti 15 zuwa 20 in mutum ba shi da matsala da yawa, amma da Hausa da gaishe-gaishe ka sa rai za ta fi haka. SCID ta fi zurfi kuma ƙwararren da ya san aikin asibiti ke yin ta. CIDI an tsara ta ne yadda wanda ba likita ba zai iya yi in an horas da shi, da ita Farfesa Oye Gureje na Ibadan da tawagarsa sunka yi babban binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na Najeriya a farkon shekarun 2000. Ka lura PHQ-9 kyauta ne amma MINI da SCID sai an nemi lasisi, kada ka sauko da kwafi daga intanet ka yi aiki sai ranar buga sakamako a tambaye ka takarda ka yi zuru.

Kuma tun ranar farko tawaga ta zaɓi littafin ƙa'idojin tantance lalura da za ta bi. Ko DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka wanda ya fito 2013 anka yi masa gyara 2022, ko ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya, na 11 ya fara aiki Janairun 2022 duk da fayil da yawa a asibitocinmu har yanzu lambobin na 10 za ka gani. Bambancin ba na wasa ba ne. Misali sikizofiriniya, wato taɓin hankali mai sa jin murya da ruɗuwar tunani, DSM-5 na son alamun su kai wata shida, ICD ko wata ɗaya ya isa, ka ga mutum ɗaya zai shiga lissafi a wani binciken ya faɗi a wani. Ciwon damuwa a DSM-5 sai an samu alama biyar cikin tara, tsawon sati biyu aƙalla, kuma dole ɗaya daga ciki ta zama ɓacin rai mai ɗorewa ko rashin jin daɗin abin da mutum ya saba jin daɗinsa. Zumuɗin da ya wuce kima, wanda mutum zai daina barci ya yi ta surutu da rabon kuɗi yana jin ya fi kowa, sati ɗaya ake nema. Ciwon firgici bayan tashin hankali sai ya wuce wata ɗaya, wannan kuwa za ka haɗu da shi sosai in kana aiki da mutanen da sunka baro Isa ko Sabon Birni ko Rabah saboda 'yan bindiga.

Inda nake son in daɗe shi ne harshe. Ba wanda zai zo maka ya ce "ina da ciwon damuwa". Abin da za ka ji shi ne kaina na zafi kamar an ɗora garwashi, abu na yi mani yawo cikin jiki, gabana na faɗuwa ba dalili, tunani ya yi mani yawa, zuciyata ta ƙuntata. In ka karanta tambaya kamar yadda anka fassara ta daga Turanci kalma da kalma, tsohuwa za ta dube ka ta ce "ɗana mi kac ce?" ko mafi muni ta ce a'a don ta rabu da kai. Shi ya sa fassara ke da ƙa'ida, mutum biyu su fassara zuwa Hausa kowa shi kaɗai, wani na uku da bai taɓa ganin asalin ba ya mai da ita Turanci, a zauna a gwada inda ma'ana ta kauce, sannan a ɗauki fom ɗin a gwada shi kan mutane kamar goma ko sha biyar irin waɗanda za a yi binciken da su, bayan kowace tambaya a ce "Inna, da bakinki, mi kika gane ana tambaya?" Nan ne za ka sha mamaki. Kuma Hausar Kano da ta Wurno ba ɗaya ba, fom da anka fassara a can sai ka sake gwada shi a nan, balle in ka shiga rugar Fulani ko cikin Zabarmawa, ka tanadi tafinta da anka horas, kada ka jawo yaron gida ya fassara wa uwarsa maganar da ko kusa ba za ta yi gabansa ba.

Akwai tambaya a PHQ-9 kan kasa mai da hankali, misalin da ke ciki karanta jarida ne ko kallon talabijin. Baba manomi a Kware ko Gwadabawa wace jarida? Sai tawaga ta amince da misali ɗaya da kowa zai riƙa bayarwa, kamar bin labarai a rediyo har ƙarshe, ko lissafin canji a kasuwa, ko yawan mantuwar raka'a nawa ya yi a salla fiye da yadda ya saba. Na ƙarshen nan ya fi kama mutane a ganina. Sharaɗin kawai kowa ya yi amfani da misali iri ɗaya, a rubuta shi cikin littafin aiki, ba kowa ya ƙirƙiro nasa a fili ba.

Lokaci ma haka. "Sati biyu da sunka wuce" ka ce daga Juma'ar can waccan zuwa yau, kwana 30 ka ce kasuwa huɗu da ta ci, ko ka ɗaure shi da ganin wata. Kuma ka dubi kalanda kafin ka fita aiki, tambayar cin abinci da barci cikin azumi ba za ta ba ka gaskiya ba, haka a tsakiyar zafin Afrilu da ba wuta, rabin unguwar Mabera ba sa barci kuma lafiyarsu ƙalau. Matar da ke takaba wata huɗu da kwana goma ba ta fita, ba ta kwalliya, tana kuka, wannan ba shi ke nuna lalura ba, sai ka bi a hankali ka ji ko abin ya wuce na rashi.

Sai kuma "da sauƙi". Wallahi Bahaushe ko yana kan gargara ka tambaye shi ya jiki zai ce da sauƙi alhamdulillahi, tarbiyya ce da tawakkali, kuma abu ne mai kyau, amma ba amsar fom ba ce. Ka bari a gama gaisuwa tsaf, a tambayi gida da yara da gajiya, sannan ka ce "Baba, mun gode wa Allah, yanzu ina son ka ba ni labarin jiya tun daga asuba har ka kwanta." Wata rana a wani asibiti na zauna da wata yarinya mai jego, uwar mijinta na gefe riƙe da jariri, duk tambayar da na yi sai ta ce babu, maki ya fito kusan sifili. Abokiyar aikina mace ta ce a bar mata ita, ta roƙi tsohuwar ta je ta karɓo kati, cikin minti biyar yarinyar ta fashe da kuka ta ce ta fi wata ba ta jin son ɗaukar ɗan, tana tsoron faɗi kada a ce ba ta da imani. Laifina ne, ni na bar suruka a ɗaki kuma ni namiji. Tun ranar mace ke tambayar mace, kuma sai an samu wurin da ba kunne na uku ko da gindin bedi ne a bayan asibiti.

Maganar aljanu da sammu kuwa kada ka yi gaggawa. Mutum ya ce iska ta taɓa shi ko an yi masa asiri, wannan bayani ne da kusan kowa a garin zai iya bayarwa, ba ya zama shaidar ruɗuwar tunani shi kaɗai. Abin da za ka bi shi ne, danginsa da sunka yarda da aljanu su ma suna ganin abin nasa ya fita daban? Yana jin murya ana yi masa magana alhali ba kowa, kullum, har tana ba shi umurni? Ya daina cin abincin gida wai an sa guba? DSM-5 ma yana da wasu tambayoyi 16 na jin yadda mutum ke fassara ciwonsa a al'adarsa, suna da amfani. Ka tambayi inda anka fara kai shi, ruƙiyya ce ko rubutu ko wurin mai magani, ka rubuta ba tare da ka yatsine fuska ba, don mafi yawan waɗanda ke isa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware sun biya wani wuri tukuna, kuma ranar da ka raina malaminsu ranar za su rufe maka baki.

Kada a manta da jiki. Zazzaɓi mai zafi da ya rikita mutum kwana biyu, farfaɗiya, ciwon maƙoshi na tayirod, duk suna iya kama da taɓin hankali. Haka ƙwaya, ka tambayi samari kan tiramol da wiwi da kodin da sholisho kai tsaye amma ba cikin faɗa ba, kodin an hana maganin tarinsa tun 2018 amma ba a ce ya ɓace ba. Wannan sashen likita ne zai tabbatar, kai dai ka kawo masa bayani cikakke.

To mu zo ga auna rayuwa, wanda ni a wurina shi ne rabin aikin. Da can ana amfani da GAF, likita ya dubi mutum ya ba shi maki cikin 100, matsalarsa ya cakuɗa alamu da aiki wuri ɗaya kuma likita biyu sai su ba mutum ɗaya maki mabambanta. DSM-5 ya ajiye shi ya kawo WHODAS 2.0 na Hukumar Lafiya ta Duniya. Yana da mai tambaya 36 da mai 12, duka kan kwana 30 da sunka wuce, ya taɓa fanni shida: fahimta da tunani, motsi da tafiya, kula da kai, zama da mutane, aikin gida da na neman abinci, sai shiga harkokin jama'a. Kowace tambaya amsa biyar ce, daga babu wahala, 'yar kaɗan, matsakaiciya, mai tsanani, har zuwa ba ya iyawa sam. In lokacinka kaɗan ne ɗauki mai 12, in bincikenka na son ya san wane fanni ne ya fi lalacewa sai mai 36.

Amsa biyar ɗin nan na ba tsofaffi wuya, don haka muna raba ta biyu, ka fara da "akwai wahala ko babu?" in ya ce akwai sai ka ce kaɗan ce, ko tsaka-tsaki, ko da yawa, ko ba ka iyawa. Wasu na zana hoton mutum ɗauke da kaya daga ƙunshi har buhu, yana taimakawa, in dai duk tawagar ita ma shi take nunawa.

Tambayoyin ka sauko da su ƙasa. Tafiyar kilomita ɗaya ka nuna masa da wurin da ya sani, daga gida zuwa masallacin Juma'a ko bakin titi. Tsayuwar minti 30 ka ce kamar layin awo ko tsayuwar daka. Harkokin jama'a su ne suna da biki da jana'iza da jam'i da majalisar yamma, ga mata kuma barka da gaisuwar rashi da Islamiyya da adashi. Mutumin da ya saba salla biyar a masallacin unguwa sai ya koma yi a ɗaki, ya daina zuwa ta'aziyya, wannan babban labari ne a garin nan ko da bai ce komai na damunsa ba.

Ga tarkon da ya fi kama sababbi. Ka tambayi mutum wahalar da yake sha wurin aikinsa sai ya ce babu, ka rubuta sifili, ashe babu ɗin don ya daina zuwa gonar ne gaba ɗaya, 'ya'yansa ke nomawa. Dole ka bi da "mi ya sa ba ka zuwa?" In lalurar ce ta hana shi to amsar ita ce ba ya iyawa, maki mafi girma, ba sifili ba. In kuma ya ce gonar tana dajin da ba a shiga saboda ɓarayi, ko rani ne ba shi da fadama, ko ɗan kabu-kabu ne anka ƙwace mashin, wannan ba lafiya ce ta hana ba kuma ba za ka ɗora wa ciwo ba. Haka matar da ke cikin kulle, ba ta zuwa kasuwa tun asali, sai ka auna ta da abin da ta saba, girki ranar girkinta, wankin yara, sana'ar cikin gida irin ƙuli-ƙuli ko fura ko kitso, ko ta daina ko kishiya ce ta karɓe mata. A ƙarshen fom ɗin akwai tambayar kwana nawa cikin 30 ya kasa aiki sam, kwana nawa ya rage, kada ka tsallake su, su ne masu tsara kasafi ke ganewa da sauri.

Wanda ciwonsa ya yi nauyi har ba ya gane halin da yake ciki zai ce maka komai lafiya, to akwai nau'in WHODAS na mai jinya, ka ba wanda ke kwana da tashi da shi, ba kawun da ya zo daga Abuja jiya ba. Ka rubuta a fom wa ya amsa, kuma in za a sake aunawa bayan wata uku ko shida a nemi mutumin nan dai.

Tambaya ta tara a PHQ-9 ita ce ta tunanin mutuwa ko cutar da kai. Masu tattara bayanai da yawa na tsallake ta don nauyin baki, ko su ce "ai kai Musulmi ne ba ka irin wannan tunani ko?" wanda rufe ƙofa ne. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, ka yi ta a hankali, "Wani lokaci in abu ya yi wa mutum yawa yakan ji gara ma ba shi da rai, ka taɓa jin haka?" In ya ce e, ajiye biro, bincike ya tsaya nan. Ka ji ko ya yi shiri, ko akwai maganin ƙwari ko fiya-fiya a kusa da shi, kada a bar shi shi kaɗai, ka kira likitan tawaga a ranar, da saninsa a jawo wani na jikinsa da ya yarda da shi. Lambar likitan da hanyar kai mutum Kware ko asibitin koyarwa su kasance cikin wayarka tun kafin ka fita, kuma a gaya wa kowa tun wurin neman izini cewa a irin wannan hali sirri na da iyaka.

Kafin a fara aikin gadan-gadan ku gwada kanku, mutum biyu su zauna da mara lafiya ɗaya, ɗaya na tambaya duka biyu na ba da maki ba tare da leƙen juna ba, a yi haka da mutane da dama sannan mai lissafi ya fitar da kappa, wato ma'aunin yadda makin mutum biyun ya zo ɗaya, in ta yi ƙasa da 0.6 ku koma horo. A maimaita a tsakiyar aiki don hannu na sakewa, wanda ya yi fom ɗari biyu yakan fara cika amsa kafin mutum ya rufe baki. Ni ba na wuce tattaunawa biyar ko shida masu tsawo a yini, bayan azahar kai ya ɗau zafi.

Suna kada ya hau fom, lamba kawai, takardar da ta haɗa suna da lamba tana wurin shugaban bincike cikin kabad mai makulli. Kada ka ɗauki hoton fom ka tura a guruf ɗin WhatsApp wai sufabaiza ya duba, Sakkwato ƙaramin gari ne, wani cikin guruf ɗin zai gane 'yar unguwarsu ce kuma magana irin wannan na iya kashe aure ko ta hana shi. Kafin mutum ya tashi ka sake bin fom ɗin layi-layi ka ga ba gurbin da ka bari, ka rubuta kwanan wata da harshen da anka yi hirar da shi da ko akwai wani a wurin, sannan ka karɓi lambar waya biyu, tasa da ta wani ɗan'uwa, don ranar komawa za ka iske layi ɗaya a kashe ko mutumin ya tafi cin rani.